Tayar ƙasar sanyi a kan kwaltar Zango

Akori-kurar gidanmu Hilux ce tsohuwa. Yayana ne ke tuƙa ta, da ita yake kwaso gero da wake da riɗi daga ƙauyukan Zango zuwa Daura, ran Lahadi kuma ya nufi kasuwar Mai'aduwa. Kuɗin makarantar yara shida daga cikinta yake fitowa. Da tayoyinta suka suɗe, sai aka haɗa kuɗi aka turo mini Kano, tunda ni ne ɗan boko kuma mazaunin birni, wai ba za a cuce ni ba.

Na sayo guda huɗu 'yan gwanjo, waɗanda ake kira Beljiyam, a kan kuɗin da bai kai na sababbi biyu ba. Zanensu da zurfi, robar da laushi in ka danna da farce, ga wani ɗan tambari a gefe: dutse mai ƙololuwa uku, da wata alama kamar tauraro a cikinsa. Mai shagon ya ce shaidar inganci ce ta Turai. Na yarda, har na maimaita wa Yaya maganar da bakina.

A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ta baya ta fashe tsakanin Zango da Daura. Buhu goma sha biyu ne a motar, da mutum uku a kan kayan. Allah Ya kiyaye, Yaya bai taka birki da ƙarfi ba, ya riƙe sitiyari har ta gangara gefen hanya ta tsaya. Ɗaya daga cikin yaran motar ya karye a hannu. Da na zo dubiya, mai facin da ya cire tayar ya shafa sauran ukun ya ce, "Malam, wannan ai ba ta ƙasar nan ba ce. Dubi yadda kwalta ke cin ta kamar sabulu."

Gaskiyarsa. Tauraron nan hoton ƙwayar dusar ƙanƙara ne, kuma tambarin yana nufin an gwada tayar a kan dusar ƙanƙara ta ci jarrabawa. Roba tana taurarewa cikin sanyi, taya mai tauri kuwa ba ta kama hanya. Don haka masu ƙera taya suke haɗa wata roba ta musamman wadda ba ta sandarewa idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, su kuma tsattsaga zanenta da ƙananan tsagu masu yawa don su ciji ƙanƙara. Mai akori-kura a Kanada ko Jamus yana da tayoyi kashi biyu, na hunturu da na bazara. A lardin Kebek doka ce a sa na hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Da ɗumi ya shigo sai a cire su a ajiye, domin laushin da ya cece su a ƙanƙara shi ne ke kashe su a kan kwalta mai zafi: tayar tana saurin cinyewa, tana ɗaukar zafi, birki kuma yana ƙara nisa kafin mota ta tsaya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne dalilin da ya sa suke zuwa mana da kyan gani. A Ostiriya, tayar ƙaramar mota ba ta cika ta hunturu a idon doka sai zurfin zanenta ya kai milimita 4, a Jamus ma shawarar da ake bai wa direbobi ke nan. To, taya mai milimita 4 a wurinmu ai budurwa ce. Can ta gama aiki, nan ta fara. Tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta hana shigowa da su, amma wanda ya tashi a bakin iyaka kamar mu ya san tazarar da ke tsakanin takarda da hanya. Kuma tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi baya a Legas, sabuwar taya ma daga waje take zuwa, farashinta yana bin dala.

Karo na biyu tare da Yaya muka je, na kuma tsuguna na karanta gefen kowace taya kamar mai duba allo. A ƙarshen layin da ya fara da haruffan DOT akwai lamba huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Da na koma kan wadda ta fashe, 3812 na gani, wato mako na 38 na shekarar 2012. Ta girmi ɗan autan Yaya. Sai lambar nauyi, wadda ke bin lambar girman taya: 104 na nufin kilo 900 a kan kowace taya, 110 kilo 1,060, 112 kuwa kilo 1,120. Nawa 104 ne, an yi su ne don motar iyali mai zuwa kanti, ba don buhunan gero ba. Motar lodi tana son taya mai harafin C ko LT, wadda gefenta ya fi kauri.

Mun ɗan yi gardama a kan zane. Yaya yana son mai manyan haƙora saboda taɓon damina, ni kuma na ce damina wata uku ce zuwa huɗu, sauran shekara rairayi ne da burji da kwalta, kuma manyan haƙora haƙa suke yi a rairayi har mota ta zauna. Muka tsaya a kan matsakaiciya mai alamar A/T. A rairayi shi ya fi ni sani: yana rage iska don tayar ta baje, sai dai na roƙe shi ya riƙa mayar da ita kafin ya hau kwalta da kaya, domin taya mai ƙarancin iska lanƙwashewa take yi tana zafi daga ciki har ta rabu. Geji na saya masa, ya ce ƙafarsa ta ishe shi gwaji, amma ya karɓa.

Kuɗin sababbi biyu kawai muka iya haɗawa, har da rabin albashina. Aka sa su a baya, inda nauyin yake. Biyu daga cikin masu tambarin dutsen suna nan a gaba har yanzu, ta ukun tana ƙarƙashin mota a matsayin safaya. Yaya ya ce sai an sayar da riɗin bana. Kafin nan ya daina fita da kaya tsakanin azahar da la'asar, ni kuma duk ran Lahadi da yamma sai na buga masa waya.