Tsohon injin da muka saya da kuɗin gyaɗa

Bayan mun gama jarrabawar WAEC, mu uku 'yan Karare muka shiga zaman jiran gurbin jami'a, ba abin yi sai gona. Da kaka ta yi muka sayar da gyaɗar gayaunarmu, muka haɗa kuɗin, muka ce injin sare itace za mu saya mu riƙa aikin kwangila. Sabo ya fi ƙarfinmu, sai muka nufi Katsina wurin masu sayar da na hannu.

Wanda muka samu tsoho ne tukuf, fentinsa duk ya koɗe, ƙirar Stihl 070. Kamfanin na Jamus ne, Andreas Stihl ya kafa shi a 1926. Allah ya taimake mu da wani bakanike ɗan garinmu ya raka mu, don jabun wannan ƙirar sun cika kasuwa. Shi ya nuna mana a ja igiyar tayarwa a hankali: in ta taho salin-alin ba ta yi gardama ba, cikin injin ya cinye. Ya kwance fulogi ya duba, ya shafa haƙoran sarƙa ɗaya bayan ɗaya. Ya kuma ja mana kunne a kan abu biyu. Ba a zuba masa tsurar fetur sai an gauraya da man inji, kuma wannan tsohuwar ƙirar ba ta da birkin da ke tsayar da sarƙa in ta yi tsalle ta nufo mutum.

Sai daga baya, a jami'a, muka gane cewa a Jamus da Amurka akwai masu sayen irin waɗannan tsofaffin injina su goge su, su jera a kan kanta don sha'awa kawai. Mun sha dariya. Abin da wani ke yi wa kallon kayan tarihi, mu da shi muka nemi kuɗin rajista.

Aiki kuwa ya samu, har ya yi yawa. Tun da rashin tsaro ya hana mutane kutsawa Dajin Rugu neman itace, ido ya dawo kan bishiyoyin gonaki na kusa da gari. Masu gawayi na neman ƙirya, masu itacen girki na neman marke, wasu kuma duk abin da ya samu.

Wata rana wani mutum ya kira mu mu kayar masa da ɗorawar da ke gonar da ya saya. Gatari zai wuni a kanta. Mu ko rabin sa'a ba mu yi ba ta faɗi, har muna tafawa. Muna cikin daddatsa rassa sai ga wata tsohuwa ta tsaya a bakin gona. Muka gaishe ta, ta amsa, sannan ta ce, "'Ya'yan nan, ranar da aka kawo ni garin nan amarya a nan na tarar da ita." Muka ce, "Inna, mu aiki aka ba mu." Ba ta ƙara cewa komai ba, ta tsinci 'yan ƙirare ta wuce.

Gaskiya muka faɗa mata, gonar tasa ce kuma ya biya mu. Amma dukanmu mun sha garin ɗorawa muna yara, mun san kalwarta ce daddawar miyar gidajenmu, mun kuma san matan da ke samun na sabulu da ita duk shekara. Ba wanda ya tuna da wannan a cikinmu sai da kututture ya rage.

Daren nan muka yi gardama sosai a shago. Biyu daga cikinmu muka ce daga yau sai bishiyar da iska ta kayar, ko sassabe rassan darbejiya da suka hau kan rufin gida. Na ukunmu ya ce in mun ƙi wani zai karɓa, bishiyar kuma faɗuwa za ta yi ko da mu ko ba mu. Har yau ba mu da cikakkiyar amsar da za mu ba shi.

Kuɗin shiga ya ragu ƙwarai, har ya nemi kasonsa, muka biya shi kashi uku. Yanzu yana da injinsa, yana aiki ta wajen Safana, muna gaisawa lafiya lau. Namu yana ƙarƙashin gado a naɗe cikin buhu, sai mun dawo hutun damina muke fito da shi, lokacin da guguwa ke kayar da itatuwa a kan hanyar Batsari.