Ajin da ba ya cin wuta, ba ya gasa yara

 Yau zancen gini muka kawo muku.

Kowace shekara in Oktoba ta kama, an ce an koma lakwal, mun san abin da ke faruwa a ƙauyukanmu. Wasu yara sai sun jira an gama girbin hatsi, an samu kara, iyaye sun kafa rumfa, sannan mushe ya fara karatu. Kuma da hadarin farko ya taso, ajin ya tashi. Shekarar karatu an gutsure ta gaba da baya.

Da a ce asarar lokaci ce kaɗai, da sauƙi. A watan Afrilu na 2021 gobara ta cinye azuzuwan kara a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. Ran 8 ga Nuwamba na shekarar nan dai, a nan Maraɗi kusa da mu, wuta ta sake kamawa, yara fiye da 20 suka tafi, 'yan shekara biyar da shida. Allah ya jiƙansu. Bayan nan gwamnati ta hana sa ƙananan yara 'yan share fage cikin ajin kara.

To in an bar kara, sai me? Abin da muka saba gani shi ne bulo na siminti da rufin kwano. Wuta ba ta cinye shi da sauri, gaskiya ne. Amma ku shiga irin wannan aji a watan Afrilu da tsakar rana, lokacin da zafi ya haura digiri 40. Yaro na zufa, kansa na sarawa, ina zancen lissafi? Mun daɗe muna ɗauka zaɓi biyu ne gare mu: wanda ke ƙonewa, ko wanda ke gasawa.

Akwai wata 'yar ƙasarmu da aikinta ya nuna hanya ta uku. Sunanta Mariam Issoufou Kamara, mai tsara gine-gine. An haife ta a 1979 a Saint-Étienne ta Faransa, ta tashi a Nijar. Da farko ilimin kwamfuta ta karanta a Amurka, ta yi shekaru tana aiki da shi. Daga baya ta ajiye, ta koma aji a jami'ar Washington ta koyi tsara gini, ta gama a 2013. A 2014 ta buɗe ma'aikatarta a Yamai, atelier masōmī, wato masomi, mafarin abu. Ita da abokan aikinta suka tsara gidajen da ake kira Niamey 2000, da tubalin ƙasa, a tsakiyar babban birni inda kowa ke rububin siminti.

Amma aikin da ya fi shafarmu yana Ɗandaji, cikin jihar Tawa, garin Hausawa kamar namu. Akwai tsohon masallacin ƙasa a can, aikin Alhaji Falke Barmu, maginin da masallacinsa na Yama ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Masallacin Ɗandaji ya tsufa, ya yi wa jama'a kaɗan, ana shirin rushe shi. Mariam da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, 'yar Iran, suka kawo shawara: a gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci a gefensa mai ɗaukar mutum 1,000. Magina na yankin suka yi aikin, da ƙasar wurin. An gama a 2018, aka sa masa suna Hikma. Yanzu yaro ya fito daga salla, taku kaɗan ne ya shiga cikin littattafai, mata ma suna da inda za su zauna su koyi karatu. A garin nan kuma ta tsara kasuwa, da shagunan tubali da inuwar ƙarfe masu launi-launi. Yau tana koyarwa a babbar makarantar fasaha ta Zurik, an kuma ba ta tsara cibiyar tsohuwar shugabar Laberiya, Ellen Johnson Sirleaf, a Monrobiya.

Mun san abin da wasu za su ce: ginin ƙasa ai na talaka ne, kuma mu da ke bakin tafki da gulbi mun ga yadda damina ke kwantar da katanga. Maganar ba ƙarya ba ce. Sai dai tubalin da ake magana ba irin wanda muke bugawa da hannu a bakin kududdufi ba ne. Jar ƙasa ake tankaɗewa, a zuba mata siminti ɗan kaɗan, a matse da inji, a bar shi ya bushe ba tare da an gasa ba. Sannan a ɗora shi kan tushe mai ƙarfi da ya ɗaga daga ƙasa, a yi rufin da ke kai ruwa nesa da bango. Bangon mai kauri ne, yana shanye zafin rana a hankali, sai dare ya sake shi. Shi ya sa soron kakanninmu ke da sanyi da azahar. Yana son kulawa, yana son maginin da ya san aikin, kuma ba a kwari ake kafa shi ba.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. Duk sa'ad da kuɗin gina aji ko ɗakin shan magani suka zo wa wata komin tamu, kafin a ba ɗan kwangila, magajin gari da iyayen yara su yi tambaya: ina iska za ta shiga, ina rana ke faɗowa, ko ƙasarmu za ta yi tubali, samarinmu nawa za su koyi aikin? Kuɗin siminti fita suke yi daga gari, na tubalin ƙasa kuwa mafi yawansu a hannun leburori da maginanmu za su tsaya.

Ku kuma ƙannenmu mata da ke kwalej da lise, masu son lissafi da zane, ku sani wannan sana'a ce, ana karanta ta, kuma 'yar Nijar ta ci abinci da ita har duniya ta san sunanta. Iyaye, a bar su su ci gaba.

Ku ajiye mana ra'ayinku a ƙasa, musamman magina: a ina kuka san akwai jar ƙasa mai kyau a yankinmu? Za mu karanta a shirinmu. Allah ya tsare mana yaranmu, ya ba mu wucewa lafiya.