Gauta a Kan Kati

A Komae, wani ƙaramin gari da ke gefen Tokyo, gidan waya ya buɗe ajin koyon wasiƙar zane a 1981. Japanawa na kiranta etegami. Malamin ajin, Koike Kunio, wanda ya rasu a 2023, ya taɓa zana kati dubu sittin da hannunsa, aka saka ɗaya a cikin kowane kwafin wata mujalla. A 1996 aka kafa ƙungiyar masu wannan zane ta ƙasa. Yau yawancinsu mata ne da suka manyanta.

Yadda ake yi ne ya kama hankalina tun zuwana ƙasar. Mutum zai ɗauko abin da ke gabansa, gauta ko kifin da za a soya ko takalmin jika, ya ajiye ya ƙura masa ido. Can ƙarshen burushi ake riƙewa, a ja layin baƙar tawada a hankali har hannu ya riƙa rawa, kuma rawar nan ake so. Ba a fara gwadawa da fensir, ba a gogewa. A shafa launi sama-sama, a rubuta kalmomi kaɗan, a buga jan hatimi, sai a aika wa mutum ɗaya. Wanda bai iya zane ba, shi aka fi maraba da shi. Wayar hannu ba ta da aiki a wurin, domin hotonta ƙiftawar ido ne, wannan kuwa sai ka zauna da gautar har ka san inda ta lotsa.

Mu ma muna da zanen da ke riƙe tarihi. Duk wanda ya zaga tsohon birnin Zariya ko unguwar Birni a Damagaram ya ga dagi da takobi, wani wuri har keke da mota, a fuskar gidaje. Amma wannan aikin magina ne da suka gaji sana'ar, kuma arzikin maigida yake shelantawa ga mai wucewa. Ƙwarya ma sai masassaƙinta. A ɗakin amarya, jere kan tuna mata wa ya kawo wane kwano, sai dai ba ita ta ƙera ko ɗaya ba.

Ƙananan abubuwan yini kuwa baki muka ba ajiyarsu: hirar zaure bayan isha'i, tatsuniyar kaka, zancen mata wajen daka. Ba na ganin wannan ya gaza katin Japan. Ya ma fi shi ɗumi, tunda ana yinsa ido da ido. Rauninsa ɗaya ne, sai an taru yake rayuwa, kuma lokacin taruwar nan ne waya ta fara cinyewa. Abin yana damuna ƙwarai. Tsohuwar Komae za ta rasu katunanta su rage a akwatin ƙawarta, kowanne da tambarin ranar da aka aika shi. Labarin damunar da kakata ta yi gudun fara, in ba wanda ya zauna ya saurara, da ita zai tafi.