Yaron da ke toshe kunne

Shekara ashirin ke nan ina riƙe da alli, amma yaron da ya fi koya mini aiki bai taɓa gaishe ni da kansa ba. Zan kira shi Iro, ko da yake ba sunansa ba ne.

A ajin CI na same shi, cikin rumfar kara a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Babankatami. Da an buga ƙarfen shiga aji, sai ya toshe kunnuwa. Idan yara suka haɗa baki suna maimaita a, i, o, sai ya shige ƙarƙashin benci yana lilo da jikinsa. Ba ya kallon idon mutum, amma wa zai lura? A wurinmu ai wannan kunya ce.

Na ɗauka taurin kai ne, na doke shi. Har yau abin yana ci mini rai. A gida kuma an ce iska ce. An yi hayaƙi, an sha rubutu.

Wata rana mahaifinsa ya zo ya ce, "Malam, yaron nan ba na boko ba ne. Bari ya bi awaki."

Na ce, "Baban Iro, ku bar mini shi zuwa damina."

Abin da ya sa na roƙa shi ne, na taɓa ganinsa ya jera tsakuwa goma-goma, tun ban koyar da haka ba.

A makarantar horar da malamai ta Tawa ban riƙe komai game da otizim ba. Daga baya na karanta cewa wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana yanayin a 1943 bayan ya lura da yara 11, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2 ga Afrilu don wayar da kai a kansa. Ba hauka ba ne, ba laifin uwa ba ne. Ni ba likita ba ne da zan yanke hukunci a kan Iro, amma na ga alamun.

Na mayar da shi bakin ƙofa, inda hayaniya ta fi sauƙi. Kafin a buga ƙarfe, sai in ɗaga masa hannu. Tambaya kuma a allonsa nake rubutawa. Kafin ruwan farko ya sauka, yana yi wa babansa lissafin kuɗin albasa.

Ƴan'uwana malamai da iyaye, kafin mu ɗaga bulala, mu tambayi kanmu: me yaron nan yake ji wanda mu ba ma ji?