Dodon Auta da Tsakiyar Hajiya

  Kwana biyu kun ji ni shiru, hidimomi ne suka yi yawa. Yau wani al'amari ne na cikin gidana nake so in kawo muku, wanda na daɗe ina juya shi a raina, domin na san ba ni kaɗai ba ne uban da ya taɓa zura wa ɗansa ido yana tambayar kansa: anya yaron nan namu ne kuwa, ko na wayar hannu ne?

Kamar yadda wasunku suka sani, ni haifaffen Zangon Kumasi ne. Fataucin goro ne ya kai kakanmu can daga ƙasar Kano, bai kuma dawo ba. Ni ne na yi kwana, na zo Abuja a 1999, ina zaune a Kubwa har yau. A Kumasi ana ce mana mutanen Najeriya, a nan kuwa da na buɗe baki sai a ce ɗan Gana ne. Mahaifiyata Hajiya ta ga korar baƙi ta 1969 a Gana, ƙannenta kuma sun ga ta 1983 a Legas. Don haka mu tsoron ɓatan asali a jininmu yake, shi ya sa abu kaɗan ke tayar mana da hankali a kan 'ya'ya.

A lokacin kullen korona na 2020 autarmu tana da shekara 10. Zaman gida ya ishe ta, sai ta riƙa ɗaukar wayar mamanta tana kallon wasu mata a YouTube suna murza wani abu mai launi-launi suna yin 'yan kunne da 'yan tsana da shi. Da aka buɗe gari ta matsa min lamba sai na sayo mata. Na sha yawo kafin in same shi a wani shagon kayan zane a Wuse, ɗan ƙulli kamar sabulun otal, giram 57 kacal, amma kuɗinsa sai da na sake tambaya ko ban ji daidai ba.

Ga wanda bai san shi ba, mu a gida yumɓun roba muke ce masa. Sunan yumɓu kawai ya ara, amma ba yumɓun ƙasa ba ne. Garin robar nan ce ta PVC da ake yin bututun ruwa da ita, aka kwaɓa ta da wani mai da ke sa ta laushi, aka zuba launi. Iska ba ta busar da shi, ko wata guda ka bar shi a kan tebur yana nan yadda ka bar shi, sai an gasa shi yake ƙanƙamewa. Wanda na sayo sunansa Fimo, ɗan Jamus ne, tun 1966 ake sayar da shi da wannan suna, kuma a obin ɗin girki ake gasa shi, zafin digiri 110 na tsawon minti 30. Akwai takwaransa na Amurka mai suna Sculpey, shi yana son zafi ya ɗan fi haka. In wuta ta yi yawa sai ya ƙone ya yi wani hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro. Mun ɗanɗana wannan sau ɗaya, ranar da aka ɗauke wuta na ce a kai obin ɗin gas, har maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko waya ce ta kama.

Da farko 'yan kunne take yi, ban damu ba. Sannu a hankali sai na ga kan kantar ɗakinta ta cika da wasu halittu da ban taɓa gani ba. Ga maciji mai fukafukai wanda ta ce sunansa diragon, ga doki mai ƙaho ɗaya a goshi, ga wata 'yar yarinya mai kunnuwa masu tsini. Da allura da tsinken sakace take fitar musu da gashi da ɓawon jiki, ɗaya bayan ɗaya, wani sai ya ci mata mako biyu. Gaskiya hannunta yana da kyau, amma ban taɓa faɗa mata ba. Abin da nake gani kawai shi ne babu ko ɗaya a cikinsu da na san sunansa.

Ana nan sai Hajiya ta zo mana azumin 2023. Kwana uku da saukarta ta shiga ɗakin Auta neman sallaya, sai na ji ta ƙwala min kira. "Kai, zo nan. Gumaka ne a gidanka kana zaune? Haka muka yi da kai?" Mai karatu, ina da shekara hamsin da 'yan kai, amma a wannan lokacin yaro na koma. Ban ce uffan ba, na samo leda na kwashe su kaf na jefa a bayan mota. Da Auta ta dawo daga makaranta na ce mata daga yau an gama wannan wasan. Ta dubi kantar, ta dube ni, ta ce, "To Baba." Shi ke nan. Da ma kuka ta yi da ya fi min sauƙi. Kusan mako biyu yarinyar nan in ba gaisuwa ba babu abin da ke haɗa mu, a wajen buɗa-baki ma can gefe take zama.

Abin ya dame ni, na je na sami limamin masallacinmu bayan tarawihi na kwashe labari na faɗa masa. Bai rufe min komai ba. Ya ce mafi yawan malamai sun hana sassaƙa cikakkiyar surar abu mai rai a kafa ta a ɗaki don ado, a nan Hajiya tana da hujja. Amma sun ware kayan wasan yara, saboda Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana a gidan Manzon Allah (SAW). Ya kuma kawo min ruwayar Abu Dawuda, inda Annabi ya ga wani doki mai fukafukai biyu a cikin kayan wasanta ya tambaye ta, ta ba shi amsa da cewa ai Annabi Sulaimanu yana da dawakai masu fukafukai, har ya yi dariya. Liman ya ce tunda yarinyar ta fara girma, a lallaɓa ta ta karkata wajen kayan ado da abin da ba shi da rai. Sannan ya tambaye ni: "Amma Alhaji, kafin ka kwashe, ka zaunar da ita kun yi magana?" Na rasa abin da zan ce.

Ashe maganin yana wuyan Auta. Wata safiya ta durƙusa gaida Hajiya, sai wani ɗan dutsen wuya da ta yi da kanta ya leƙo daga cikin hijabinta, mai zanen ƙananan furanni ja da fari da shuɗi. Hajiya ta kamo shi ta kai kusa da ido, ta daɗe tana juyawa. Ta ce, "Ke kishiya, ina kika samo tsakiyar uwata?" Auta ta ce ita ta yi. Hajiya ta ce ƙarya ne, sai ta gani da idonta.

Aka ɗauko ragowar yumɓun daga firji, don zafin watan Maris kan sa shi ya yi lagwaf ya riƙa manne wa yatsa. Auta ta murza ja ya yi siriri kamar taliya, ta naɗe shi da fari, ta jera irinsa guda shida kewaye da rawaya, ta rufe da shuɗi. Sai ta yi ta matsa sandar tana ja har ta koma kaurin fensir, ta sa reza ta yanka. Kowane yanki ga fure nan cif, iri ɗaya. Hajiya ta riƙe baki.

A ranar na ji tarihin da ban taɓa tambaya ba. Ashe kakata sana'arta ke nan, sayar da duwatsun wuya a kasuwar Kumasi, kuma masu furannin nan su ne masu tsada, sai amaren gidan masu hali. Daga baya da na bincika na gano cewa na gilashi ne, daga birnin Venice na ƙasar Italiya ake kawo su Afirka ta Yamma a ƙarni na 19 da farkon na 20. Sunansu a can millefiori, wato furanni dubu, kuma yadda Auta ta yi haka maƙeran gilashin suke yi: a haɗa sanduna masu launi, a narka, a ja, a yanka. Masu yumɓun roba daga wajensu suka kwaikwayo dabarar. Kun ga ke nan abin da kakata ta ci abinci da shi, wanda muke kira namu na gado, shi ma baƙo ne, jirgin ruwa ya kawo shi. Hannun mutanenmu da wuyan matanmu ne suka mai da shi ɗan gida, ya zauna tare da na Kurobo da ake yi da dakakkiyar kwalba, waɗanda ake baje kolinsu a kasuwar Koforidua ranar Alhamis, da na Masaga a Bida.

Bayan salla na ɗauki su biyun muka je Ushafa, nan kusa da mu ta hanyar Bwari, garin maginan tukwane da Bill Clinton ya ziyarta a shekarar 2000. Shekara ashirin da huɗu ina Kubwa ban taɓa taka wurin ba. Auta ta ga matan Gbagyi, waɗanda muka fi sani da Gwarawa, suna gina randa da yumɓun gaske, aka ba ta ɗan curi ta taɓa, ta ce ashe yana da sanyi da ƙamshi. A hanyar dawowa na zaro tsohuwar naira ashirin na nuna mata matar da ke bayanta. Ladi Kwali ce, 'yar garin Kwali a nan yankin Abuja. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana tara tukwanenta tun kafin Bature Michael Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, inda ta shiga a 1954. Kunama da ƙadangare da kada da hawainiya take zanawa a jikin tukwanenta. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Auta ta murza takardar ta yi dariya ta ce, "Baba, ai ita ma a kan roba aka buga ta." Haka ne kuwa, tun 2007 ashirin ɗin ta roba ce.

A motar ce na yi mata tambayar da ta kamata in yi tun farko. Na ce me ya sa duk dodannin Turawa kike ginawa? Ta ce, "To Baba, mu muna da namu ne?" Wallahi sai da na rage gudun mota. Yarinyar da aka haifa a gidan Bahaushe, ta kai shekara 13, ba ta san Gizo da Ƙoƙi ba, ba ta san Botorami ba, ba ta taɓa jin macijin rijiyar Kusugu ta Daura ba. Wa zai faɗa mata? Ni da nake fita da asuba in dawo bayan isha saboda cunkoson hanyar Kubwa? Mu a Zango kowane dare akwai tsohuwar da za ta tara mu a tsakar gida. A nan kowa ya kulle get ɗinsa. Na bar ɗakin yarinya fayau, wasu suka zo suka zuba nasu kayan, sannan na zo ina fushi da ita.

Daren nan Hajiya ta buɗe da ga ta nan ga ta nanku, Auta ba ta ma san amsar ba sai da mamanta ta raɗa mata. Aka yi ta Ta-Kitse, amaryar sarki da kishiyoyi suka tura rana ta narke. Auta ta ce wannan ai 'yar uwar yumɓunta ce kafin a gasa shi. Da aka zo kan Dodo ta tambaya, "Hajiya, yaya kamanninsa suke?" Hajiya ta ce wa ya gan shi ya dawo ya ba da labari? Bayan kwana huɗu sai ga ta da abin wuya: bakin kogo baƙi ƙirin, kewaye da ciyayi, can ciki wasu ɗigo biyu ja. Ta ce Dodo ke nan, yana ciki. Hajiya ta juya shi ta ce wannan kam babu wanda zai ce masa gunki.

Ledar nan na ɗauko ta daga bayan mota na mayar mata, na kuma ba ta haƙuri, abin da ubana bai taɓa yi min ba. Diragon ɗin fiffikensa ɗaya ya karye, ba ta gyara ba, yana cikin gwangwanin alewa a ƙasan akwatinta. Ban ce mun warware komai ba. Har yanzu takan ce tana so ta karanci zane a jami'a, ni kuma zuciyata tana wajen likitanci, muna nan muna ja. Amma yanzu 'yan kunne da awarwaro da abin wuya take yi, ƙawayen mamanta suna saye lokacin biki, ita ke sayen yumɓunta da kanta. Hajiya ta koma Kumasi da sarƙa mai furanni dubu a wuyanta, kuma duk ranar Juma'a sai ta turo wa kishiyarta tatsuniya ta WhatsApp, wani lokaci har da tari da kukan akuya a ciki.

To 'yan uwa, ni dai abin da na gani ke nan. Kafin ka kwashe abin da ɗanka ya ƙera da hannunsa, zauna ka tambaye shi mene ne wannan, ka kuma tambayi kanka me ka ba shi da zai ƙera a madadinsa. Wanda yake da tsohuwa a raye, a Kumasi take ko Maradi ko Kano, ya kira ta yau ta yi wa jikokinta ko da tatsuniya ɗaya ce. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya jiƙan magabatanmu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.