Abin da Ƙafa Take Ji

A ƙasarmu ta arewacin Kano babu dajin da direba zai karkatar da mota ciki idan birki ya ƙi. Daga Minjibir zuwa Dambatta har Makoɗa, gona manne take da gona, burtali kuwa ba ya rabuwa da yara da awaki da amalanke. A nan na yi shekaru ina jigilar gero da gyaɗa a tsohuwar Peugeot 504 ƙirar Kaduna, inda aka fara haɗa irinta a 1975, har ƙafata ta saba da taka biyu: in taka, in saki, in sake takawa, sannan birki ya kama. Na ma daina jin cewa ciwo ne.

Wani dattijon bakanike ne ya koya mini sauraron ƙafar nan. Ko sifana bai ɗauka ba.

"Malam, zauna ka taka," in ji shi. "Ban da famfo. Danne kawai ka riƙe."

Na riƙe. Sai na ji feda tana sulalewa a hankali har ta kusa taɓa ƙasa. Ya buɗe gwangwanin man birki, cike yake. Ya durƙusa ya shafa cikin kowace taya da yatsa, ƙura ce zalla.

"Baba, to ina man yake zuwa?"

"Ba ya zuwa ko'ina. Masta ce. Robar cikinta ta cinye, man yana zagayewa ta bayanta maimakon ya tura."

Sauran alamun daga baya na tsince su ɗaya-ɗaya. Idan feda ta yi nisa amma da ta kama ta tsaya cak, yawanci takalman birkin baya ne suka ci, suka yi nesa da ganga, saiti suke so ko canji. Idan ta yi laushi kamar an taka katifa, iska ce ta shiga layi. Idan kuwa mai yana raguwa, to akwai yoyo, kuma ba dole ne a ga ɗigo a ƙasa ba: yakan jiƙa cikin gangar baya, ko ya zuba ta bayan masta inda ido ba ya kaiwa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne dabarun gefen hanya. Na ga mai zuba ruwan omo a madadin man birki ranar kasuwa, wai ya kai shi gida. Na ga wanda ya daddake bututun tayar baya da guduma don yoyo ya tsaya, ya ci gaba da lodi da birkin taya uku. Baƙin mai ma ba ya yi, kumbura roba yake. Shi kansa man birki na gaskiya yana shan danshi: sabon DOT 3 sai ya kai digiri 205 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa tun wajen 140. Shi ya sa motar da ke da birki da safe kan rasa shi da azahar, da kaya niƙi-niƙi.

Robar masta araha ce a kasuwar Ƙofar Ruwa, amma kafin a saya a leƙa cikin silindar da tocila. In tsatsa ta yi mata ramuka, sabuwar roba ba za ta daɗe ba, sai an canza mastar gaba ɗaya. Bayan an canza kuma a fitar da iska, a fara daga tayar da ta fi nisa da masta, mutum ɗaya yana takawa, ɗaya yana kwance nonon fitar da iskar.