Mudun da Ba a Ganin Gindinsa

Sai da dare ya raba, unguwa ta yi tsit, sannan ta lura cewa ɗan layin da ke nuna tafiyar saƙo a fuskar kwamfutarta ya kusa daina motsi. Da ya tsaya cak da ta san abin yi, ta kashe na'ura ta sake kunnawa kamar yadda kowa ke yi. Jan ciki yake yi, tafiyar hawainiya, har ta kai idan ta ƙura masa ido sai ta kasa tantance ko yana gaba ne ko idonta ne ke yaudararta. Ta duba fitilun na'urar intanet ɗin da ke kan tebur, duka kore shar. Sabis ya cika. Ta kashe, ta kunna, ta matsar da na'urar bakin taga, ta ɗora ta kan durowa. Babu abin da ya canja.

Malamar sakandare ce a Kano, kuma ɗalibar digiri na uku a fannin adabin baka. Damina biyu ta yi tana yawo a ƙauyukan ƙasar Ɗambatta da Kazaure tana ɗaukar hoton bidiyon tsofaffin mata suna waƙoƙin daka da na niƙa, waɗanda injin niƙa ya kusa raba su da duniya. Biyu daga cikin matan da ta ɗauka sun riga mu gidan gaskiya tun kafin ta gama rubuta babi na huɗu. Malamin da zai zo daga Sakkwato ya jarraba kundinta ya ce ba zai wadatu da waƙoƙin a rubuce ba, yana son ya ga bugun taɓarya ya ji yadda numfashi ke raba ɗango da ɗango, kuma yana son ganin su kafin ranar zama. Abin da ya rage ta ɗora masa ya kai giga 40. Kwanakin da suka rage shida ne.

Makonni uku kafin wannan dare ta shiga wani shagon kamfanin sadarwa domin wannan aikin. A jikin bango akwai allo babba da kalmar Turanci guda ɗaya, an rubuta ta da manyan haruffa, wadda ma'anarta ita ce “mara iyaka”. Saurayin da ke bayan kanta ya fassara mata ita da Hausa mai daɗi: “Hajiya, wannan ba ya ƙarewa. Ki yi ta amfani har wata ya cika.” Kuɗin ya kusa cinye kashi ɗaya cikin huɗu na albashinta, domin tun da Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta amince da ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, data ta shiga sahun shinkafa da kuɗin makaranta a lissafin gida. Ta biya, tana ganin ta sayi kwanciyar hankali na wata guda.

Da gari ya waye ta kira masu kula da abokan hulɗa. Muryar da ta amsa mai ladabi ce ƙwarai. “Ranki ya daɗe, datarki ba ta ƙare ba. Kin dai kai giga ɗari ne, shi ya sa aka mayar da gudunki kilobit 256 a daƙiƙa har zuwa ƙarshen wata. Yana cikin ƙa'idar amfani bisa adalci.” Ta ce ba wanda ya gaya mata haka a shago. Muryar ta ce yana rubuce. Ta ɗauko kwalin na'urar ta jujjuya shi, sai ga wani ɗan tauraro mitsitsi a kafaɗar kalmar nan mai manyan haruffa, a can ƙasa kuma wani layi da sai an kanne ido ake karanta shi, wanda ke cewa akwai sharuɗɗa, a neme su a shafin kamfanin. Kafin su yi sallama muryar ta ƙara da cewa idan tana so gudun ya dawo nan take, akwai ƙarin giga da za ta iya saya.

Inda giga ɗarin ya tafi ba abin mamaki ba ne. Ƙannenta biyu sun kalli ƙwallo, ƙanwarta ta halarci darussa ta bidiyo, ita kanta ta sauke littattafai ta kuma ɗora wani ɓangare na aikin. Bidiyo mai kyan hoto yana iya cin giga 3 a sa'a ɗaya, don haka gida mai mutum biyar ba ya buƙatar almubazzaranci kafin ya haɗiye ɗari cikin kwana goma sha tara. Abin da ya fi ci mata rai shi ne da hannunta ta ba su kalmar sirrin, da bakinta ta ce su sake, ba ya ƙarewa. Macen da ta saba ƙirga ashana ba za ta bar a yi mata facaka da giga ɗari ba da ta san ɗari ne. Kalmar da ke jikin allon ce ta kwance mata tsimin da ta girma da shi, kuma da wannan kalmar aka karɓi kuɗinta.

Ta ɗauki biro ta yi lissafi a bayan kundin. A gudun kilobit 256, giga ɗaya yana buƙatar kusan sa'a tara. Giga 40 kuwa kwana goma sha huɗu da rabi ne, dare da rana, idan wuta ba ta ɗauke ba, idan sabis bai yi ko gezau ba, sharuɗɗa biyu da ba mai hankalin da zai jingina da su. Lissafin ya nuna mata wani abu kuma: ko da mutum ya bar na'urar tana aiki wata guda cur a wannan gudu, abin da zai wuce ta cikinta bai fi giga 83 ba. Wato an cire iyakar daga yawa an mayar da ita cikin gudu, inda ba ta da suna. Kamfanin zai iya rantsewa cewa bai yanke mata layi ba, kuma rantsuwar ba za ta kama shi ba. Haka mai rijiyar da ya ce kowa ya ɗiba iya son ransa, sannan ya sauya guga da ludayi.

Adalci ne a saurari ɓangaren kamfanonin, domin hujjarsu tana da tushe. Iskar da ke ɗauke da saƙonnin waya ba teku ba ce. Kowane ƙarfen sabis yana da iyakar abin da zai iya turawa a daƙiƙa guda, kuma duk wayoyin da ke ƙarƙashinsa rabawa suke yi, tamkar unguwa mai famfo ɗaya. Zangon iskar ma saye ake yi da tsada: a gwanjon watan Disambar 2021, MTN da Mafab kowannensu ya ci lasisin 5G a kan dala miliyan 273.6. Ga man dizal da dubban ƙarafan ke sha kullum, ga wayoyin ƙarƙashin ƙasa da masu aikin hanya ke tsinkewa. Idan mutum ɗaya ya kafa tankarsa a bakin famfo dare da rana, masu bokiti za su koma gida hannu rabbana. Ba wanda zai ƙi a tsawata wa mai tanka.

Sai dai akwai hanya biyu ta tsawatawa. Ta farko ita ce a ce wanda ya wuce wani adadi ya koma bayan layi a lokacin da aka yi cunkoso, da zarar an rage kuma ya dawo gudunsa. Wannan tana kare maƙwabta da gaske. Ta biyu ita ce a shaƙe shi ɗungurungum har wata ya ƙare, ko akwai cunkoso ko babu. Ƙarfe biyun dare aka shaƙe malamar, lokacin da unguwa ke barci, famfo na zuba ba mai tara bokiti. Wane maƙwabci aka kare a wannan sa'a? Tayin da muryar ta yi mata a ƙarshe shi ya ƙarasa tona asiri, domin idan ƙarin kuɗi na buɗe hanya nan take, to hanyar ba ta cika ba ke nan tun farko.

Wannan dabara ta daɗe, kuma an yi shari'a a kanta a Amurka. A watan Oktoban 2014 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka ta kai kamfanin AT&T kotu, tana zarginsa da cewa tun 2011 yake rage gudun masu tsarin “mara iyaka”, wasu bayan sun yi amfani da giga 2 kacal, har gudun ya faɗi da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, kuma abin ya shafi aƙalla mutum miliyan 3.5. Sai a watan Nuwamban 2019 aka sasanta a kan dala miliyan 60, shekara biyar bayan shigar da ƙara. Idan aka raba kuɗin ga waɗanda abin ya shafa, kowa bai kai ga dala ashirin ba. Wanda ya fi muni ya faru a 2018, lokacin gobarar dajin Mendocino a jihar Kalifoniya, wadda a sa'ilin ita ce mafi girma a tarihin jihar. Ma'aikatan kashe gobara na gundumar Santa Clara suna da na'urar intanet a motar da suke tsara aiki da ita, a kan tsarin Verizon mai wannan suna. Da suka wuce giga 25 sai gudun ya koma kashi ɗaya cikin ɗari biyu na yadda yake. Suka nemi a buɗe musu, wuta na ci. Aka ce su koma tsarin da ya ninka nasu tsada fiye da sau biyu. Daga baya kamfanin ya amsa cewa kuskure aka yi. Idan an yi wa masu kashe gobara haka a tsakiyar gobara, ɗalibar da ke da waƙoƙin daka ba ta da dalilin zaton za a tausaya mata.

Da hantsi ta je gaishe da mahaifinta, wanda ya yi shekara arba'in yana awon hatsi a kasuwar Dawanau kafin ƙafa ta zaunar da shi. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka ba ya kiran sunanta. Ta kwashe labarin ta gaya masa, tana ƙoƙarin fassara masa giga da kilobit. Ya ɗaga mata hannu.

“Uwata, bar wahalar da kanki, na gane. Bugaggen mudu aka auna miki da shi.”

Ya bayyana mata yadda maha'inta ke yi: a kifa mudu a bubbuge gindinsa ya shige ciki, daga sama bakinsa yana nan da faɗinsa, a cika shi har ya yi tozo, mai saye ya tafi yana godiya. “Amma mu a kasuwa,” in ji shi, “mai wayo yakan zo da mudunsa. In an yi gardama a je gaban shugabannin kasuwa a kifa mudu biyu kowa ya gani. Ke ina naki mudun?”

“Baba, ba ni da shi. Su ke awo, su ke faɗin abin da suka auna.”

Ya yi shiru, sannan ya ce ai ko a gona ba a yin haka. A nan tsohon ya taɓo abin da ya fi dacewa masu nazarin harshe su tsaya a kansa. Iyaka a wurin Bahaushe aba ce da ake gani. Ana shuka gamba a kanta, ko a kafa dutse, ko a bar kunya ba a nome ba, kuma a kira dattawa su shaida, domin amfaninta duka shi ne maƙwabta biyu su san inda kowa ya tsaya tun kafin a yi shuka. Iyakar da mutum ɗaya ya sani, ya kuma jira sai ɗan'uwansa ya taka ta sannan ya nuna masa, sunanta tarko. Har ila yau sharaɗin da aka rubuta da Turancin lauyoyi, aka ajiye shi a shafin da sai da data ake buɗe shi, alhali cinikin da Hausa aka yi shi baki da baki, da wuya a ce an sanar da mai saye. Talla tana jin Hausa sarai, a rediyo da allunan bakin titi. Sharaɗi ne kaɗai bai taɓa koyon ta ba.

Ƙofofin kai ƙara suna nan. Hukumar Sadarwa tana da layin 622 na kyauta ga wanda kamfaninsa bai share masa hawaye ba, kuma dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta hana tallar da ke ɓatar da mai saye, ta kuma wajabta a yi masa bayani da harshe mai sauƙin fahimta. Masu dogon tunani za su tuna cewa a farkon zuwan wayar salula a 2001 da minti ake caji, ko da daƙiƙa biyar mutum ya yi, har sai da Globacom ya shigo a 2003 da cajin daƙiƙa, sauran suka bi cikin gaggawa. Abin da ake cewa ba zai yiwu ba yakan yiwu idan ciniki ya tilasta. Rubuta “giga 100 da cikakken gudu, sannan a rage” da haruffa masu girman na allon bai kai wancan wuya ba. Amma duk wannan magana ce ta watanni da shekaru, ita kuwa kwana biyar suka rage mata, kuma albashi sai ƙarshen wata.

Ƙaninta ne, ɗaya daga cikin masu kallon ƙwallon, ya kawo shawarar, yana sunkuyar da kai. Suka ari faifan ajiya wurin wani abokinsa, suka kwafe bidiyoyin duka cikin ƙasa da sa'a ɗaya, ta naɗe shi a tsumma ta saka a ambulan ta rubuta lambar malamin a baya. Washegari da asuba yaron ya kai tasha ya damƙa wa direban motar Sakkwato, ya biya kuɗin saƙo. Ba ta kashe ɗorawar da ke kan kwamfutar ba. Ta bar ta tana tafiya, ko don ta ga iyakar abin.

Ana kiran sallar la'asar waya ta yi ƙara. Malamin ne, yana cewa saƙo ya iso, har ya kalli tsohuwar Kazaure ta farko, kuma yana da tambayoyi a kan yadda ta rarraba ɗangogin waƙarta. Bayan sun yi sallama ta leƙa fuskar kwamfutar. Ɗan layin ya kai kashi goma sha bakwai cikin ɗari, fitilun na'urar kuma duka kore shar.